Ni AS, uwargida AS: shin gwajin ɗan tayi kafin a dasa shi abin dogaro ne?

Baban Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda wannan ne aikinsu, ko kuwa waɗanda suka bi hanyar da ƙafarsu, domin abin da nake ji a bakin mutane ya yi yawa, kuma ban samu biyu da maganarsu ta zo ɗaya ba.

Shekararmu tara da aure. Kafin a ɗaura na je wani ɗakin gwaji a unguwarmu aka ɗibi jinina, aka ba ni takarda mai cewa ni AA ne, ita kuma amarya tata ta nuna AS, muka yi hamdala aka sha biki. Ba mu san an yi kuskure ba sai da 'yarmu ta fari ta kai wata takwas, yatsun hannunta da na ƙafarta suka kumbura, tana kuka dare da rana, aka gwada ta aka ce SS ce. Da aka sake gwada ni a wurare biyu dabam-dabam, sai ga shi ni ma AS ne. Yanzu Ummi shekararta bakwai, an yi mata ƙarin jini sau huɗu, kuma da zarar hunturu ya kama, barcin kirki ya ƙare a gidanmu. Daga kanta muka dakatar da haihuwa, ba don ba ma so ba, sai don tsoro. Mahaifiyarta yanzu tana da shekara 36.

A watan jiya wani likita ya gaya mana cewa ana iya haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a bar ɗan tayin ya yi 'yan kwanaki, a ɗebi wani ɗan abu daga jikinsa a duba ko yana da sikila, sannan a dasa wanda ba shi da ita. Ya kira abin PGT. Na fito daga ofishinsa da tambayoyin da ban samu bakin yi ba. Ta yaya za a san jinotayif ɗin abin da ko jini bai yi ba? Wannan gutsurar da ake yi masa, ba ta nakasa yaron? Sannan wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu: idan an yi kuskure a kaina, ni babban mutum da aka cika sirinji da jinina, me zai hana a yi a kan abin da ido ba ya gani? Su kuma waɗanda aka samu SS ne, ba a iya gyara su a dasa?

Ma'aikaciyar ɗakin 'yan tayi ta amsa:

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Allah Ya ba Ummi lafiya, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Aikina yana farawa daga lokacin da aka miƙo mana ƙwai, ya ƙare lokacin da aka mayar da ɗan tayi mahaifa, don haka zan ɗauki tambayar gutsura, wadda da hannuna nake yin ta, in bar ta karatun gado ga waɗanda suka fi ni.

Bayan an yi wa mace allurai na kwana goma zuwa sha biyu domin ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda, likita yana zuƙo su da siririyar allura yana kallon na'urar hoton ciki. Kowane ƙwai yana zuwa lulluɓe da ƙananan ƙwayoyin jikin uwar, waɗanda muke kira sel, kamar yadda auduga ke lulluɓe gurya. Muna wanke su tas, sannan mu ɗauki ƙwayar maniyyi ɗaya tak mu soka ta cikin kowane ƙwan da ya nuna. Wannan dabara, ICSI, an fara samun haihuwa da ita a Burasels ta ƙasar Beljiyam a 1992, kuma domin mazan da maniyyinsu ke da rauni aka ƙirƙiro ta. Amma a gwaji irin naku ana yin ta ko da miji lafiyarsa ƙalau, don kada wasu ƙwayoyin maniyyi su maƙale a ɓawon ƙwan su gurɓata sakamako. Washegari da safe, bayan awa 16 zuwa 18, sai mu duba: idan muka ga 'yan da'irori biyu a tsakiyar ƙwan, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba, to haɗi ya yi. Daga nan a mayar da shi akwatin reno mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, a bar shi yana rarrabuwa.

A kwana na uku yana da sel shida zuwa takwas. A kwana na biyar ko na shida ya haura ɗari, ya zama kamar 'yar ƙwallo mai ruwa a ciki, wadda duk faɗinta bai kai ɗigon da ke ƙarshen wannan jimla ba. A wannan rana sel ɗin sun riga sun rabu gida biyu: akwai ɗan dunƙule a gefe guda daga ciki, shi ne zai zama jariri, akwai kuma bangon da ya kewaye, shi ne zai zama mabiyiya. Daga bangon muke ɗiba. Ina riƙe ɗan tayin da wani bututun gilashi ta hagu, in juya shi har dunƙulen ya yi nesa da inda zan taɓa, in huda ɓawon da hasken leza, in zuƙo sel biyar zuwa goma cikin wani bututun da ya fi gashin kai siranta, in yanke su. Duk aikin 'yan mintoci ne a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sel ɗin suna tafiya ɗakin karatun gado cikin 'yar kwalba mai lamba, shi kuwa ɗan tayin a daskarar da shi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ɗauke da wannan lambar, har sakamako ya fito.

Tsoronka yana da asali, domin a da a kwana na uku ake ɗiba, a cire sel ɗaya cikin takwas, alhali ba a riga an raba wanda zai zama jariri da wanda zai zama mabiyiya ba. A 2013 Richard Scott da abokan aikinsa a jihar Niyu Jazi ta Amurka suka fitar da wani bincike mai hikima: a wajen kowace mace sun ɗauki 'yan tayi biyu, suka gutsuri ɗaya suka bar ɗaya, suka dasa duka biyun, idan kuma ɗa guda aka samu sai su gwada DNA ɗinsa su gane wanne ne ya kama. Waɗanda aka gutsura a kwana na uku, kamawarsu ta faɗo daga kashi 50 cikin 100 zuwa 30. Na kwana biyar kuwa ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Ba zan ce maka babu haɗari ko kaɗan ba. Hannu ya fi hannu, idan aka ɗibi da yawa ko aka yawaita harba leza ɗan tayi yana jigata, kuma akan samu ɗaiɗaiku da ba sa farfaɗowa bayan an narkar da su. Amma a ce a haifi yaro da wata gaɓa a gutsure saboda an ɗibi bango, abin ba haka yake ba; ɗan tayin da ya jigata, ƙin kamawa yake yi.

Duk asibitin da za ku je, ka tambaye su abin da ke faruwa da akwatin reno a daƙiƙar da aka ɗauke wuta, da kuma wanda ke duba tukwanen naitirojin ranar Lahadi da ranar Sallah. Yadda suka amsa zai gaya maka abu da yawa.

Malamin Bayoloji ya amsa:

Malam Baban Ummi, sannu da ɗawainiya. Tunda Hajiya ma'aikaciyar ɗakin 'yan tayi ta bar ɓangaren karatun, bari in gwada.

Gwajin da aka saba yi kafin aure ba gado yake karantawa ba, jini yake dubawa. Ana ɗiga shi a kan wata takarda ta musamman, a saka mata lantarki, sai himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, na A da na S su yi tafiya mai bambancin nisa, ma'aikaci ya duba da ido ya rubuta. Tsohuwar takarda, ko musayar kwalabe, ko gaggawa, ko ƙarin jinin da aka yi wa mutum kwana kusa, kowanne yana iya sa a rubuta AA a inda ba AA ba. Dokar da Jihar Kano ta kafa a 2024 ta wajabta gwaji kafin aure abu ne mai kyau, amma labarinka ya nuna cewa ƙarfinta bai wuce ingancin ɗakin gwajin da ya buga hatimi ba.

Ɗan tayi ba shi da jini, amma kowane sel nasa yana ɗauke da cikakken littafin gado, wato DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, kimanin biliyan uku daga uwa da biliyan uku daga uba, an ɗaure su cikin kundi 46 da ake kira kuromosom. Umurnin ƙera sarƙar beta ta himogulobin yana kan kuromosom na 11, kuma sikila gaba ɗayanta harafi ɗaya ce a cikinsa: a kalma ta shida, inda ya kamata a karanta GAG, sai aka samu GTG. Wannan canji yana sa a jera wani tubalin ginin himogulobin mai suna balin a gurbin gulutamik asid, sai himogulobin ya riƙa manne wa juna yana yin dogayen sanduna idan iskar oksijin ta yi ƙasa, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Linus Pauling ne ya nuna a 1949 cewa himogulobin na masu sikila dabam yake, Vernon Ingram kuma ya gano tubalin da ya canza a Kambirij tsakanin 1956 da 1957.

Wahalar tana wajen ƙanƙanta. DNA ɗin sel guda nauyinsa kimanin kashi shida ne cikin tiriliyan na giram ɗaya, dole sai an kwafe shi sau miliyoyi kafin a iya karanta shi, da dabarar PCR da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 ko danginta. Alan Handyside da abokan aikinsa a asibitin Hammersmith na Landan su ne suka fara yin haka ga ɗan tayin mutum, aka haifi yaran farko a 1990, a kan sikila kuma daga Niyu Yok aka ba da rahoton nasarar farko a 1999. Tun a jerin farko na Landan aka samu kuskure guda, inda aka ce ɗan tayin mace ne, gwajin ciki ya nuna namiji ne, don haka masu wannan fanni sun daɗe da sanin inda ƙafarsu ke zamewa.

Wani lokaci gadon uwa ko na uba yakan ƙi kwafuwa, sai a karanta ɗaya kawai. Ka duba yadda hakan zai kasance a wajenku. Ɗan tayi AS idan S ɗinsa ta ɓace sai a ce AA ne, wannan ba wata ɓarna ba ce. Idan A ce ta ɓace sai a ce SS ne, a yi asarar lafiyayye. Amma ɗan tayi SS ba shi da A ko ɗaya da za a karanta, don haka irin wannan kuskure ba zai mayar da shi lafiyayye ba. Abin da zai iya yin haka shi ne gurɓata: sel guda na uwar da aka bari a jikin ɓawo, ko ƙwayar maniyyi, ko ɓurɓushin fatar ma'aikaci, kowanne yana iya shigo da A daga waje, sai SS ya fito a matsayin AS. Wankin da Hajiya ta ambata, da soka maniyyi ɗaya tak, duk don toshe wannan ƙofa ne.

Shi ya sa ɗakin gwaji na ƙwarai ba ya tsayawa a kan harafin nan shi kaɗai. Yana karanta alamomin da ke maƙwabtaka da shi dama da hagu, waɗanda suka bambanta daga mutum zuwa mutum kuma ake gadonsu tare da shi, kamar yadda makiyayi ba ya gane saniyarsa da ƙaho kaɗai, sai ya haɗa da launi da tsagar kunne. A nan Ummi za ta yi muku babban amfani. Tunda ita SS ce, an san tabbas ta ɗauki S ɗinka da S ɗin mahaifiyarta, don haka idan aka karanta jininta tare da naku za a san alamomin da ke rakiyar S a kowane ɓangare. Wata dabara da shi dai Handyside ya bayyana a 2010 tana duba wurare kimanin 300,000 a lokaci guda ta wannan hanya. Idan harafin ya ce AS, maƙwabtansa kuma suka ce S biyu ce, to an kama gurɓata ke nan. Da irin wannan shiri kuskure ya yi ƙaranci ƙwarai, amma bai gushe baki ɗaya ba, don haka ake ba da shawarar a tabbatar bayan ciki ya kama, ko da ɗan yankin mabiyiya a mako na 11 zuwa na 14, ko da ruwan mahaifa daga mako na 15. Idan asibiti bai nemi jinin Ummi ba kafin a fara allurai, ka tambayi dalili.

Game da gyara kuwa, amsar a yau a'a ce. Abin mamaki, ƙwayar gadon farko da aka gwada gyarawa a ɗan tayin mutum ita ce wannan ta kuromosom na 11. A 2015 Huang Junjiu da abokan aikinsa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin suka yi amfani da almakashin gado na CRISPR a kan 'yan tayi 86 waɗanda dama ba za su iya rayuwa ba. Kaɗan ne suka gyaru, su ma ba a dukkan sel ba, ga kuma yanka a wuraren da ba a nufa ba. A 2020 ɗakin binciken Dieter Egli a Jami'ar Kolombiya ta Niyu Yok ya nuna cewa irin wannan yanka yana iya sa ɗan tayi ya rasa babban yanki na kuromosom, ko ma dukkansa. Wani masanin ƙasar Sin, He Jiankui, wanda ya yi gaban kansa aka haifi tagwayen da ya taɓa gadonsu a 2018, ɗaurin shekara uku ya sha. Maganin sikila na CRISPR da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, mai suna Casgevy, na wanda aka riga aka haifa ne, a ƙwayoyin ɓargonsa ake aikin, kuma kuɗin da aka sanya masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne. Abin da likitanku ya gabatar muku zaɓe ne daga cikin abin da ku biyun kuka samar, ba ya ƙara komai kuma ba ya canza komai.

Maman Hanif ta amsa:

Baban Ummi, ni na bi hanyar. Ni da maigida duka AS ne, kuma mun binne ɗa ɗaya kafin mu je. Abin da malamai suka faɗa gaskiya ne, amma ni ba a karatun gado na sha wuya ba, a lissafi na sha ta, kuma na so a ce wani ya zaunar da ni ya yi mini shi tun farko.

Mun tafi da tunanin cewa tunda ɗaya cikin huɗu ne SS, to uku cikin huɗu namu ne. Shekarata 38 a lokacin. Aka ciro ƙwai 13, har nas tana yi mini barka. Washegari aka kira aka ce goma ne suka nuna, bakwai suka haɗu. Ranar kwana na biyar ina kan sallaya bayan azahar wayar ta sake shigowa: uku ne suka kai. Bayan mako uku sakamako ya fito, ɗaya SS, ɗaya AS amma kuromosom ɗinsa ba su cika ba, ɗaya AA. Aka dasa AA ɗin, muka yi kwana goma sha biyu muna jira, bai kama ba. Kuɗin fili guda ke nan ya tafi. Sai a karo na biyu, bayan wata bakwai, muka samu biyu masu kyau, duka AS, kuma a nan muka yi kwana uku ba ma magana da maigida, domin shi ya kafe sai AA, wai kada yaron ya girma ya zo yana neman aure da takarda a hannu. Da likita ta nuna masa cewa nacewa a kan AA yana mayar da uku cikin huɗu zuwa ɗaya cikin huɗu, kuma shi kansa AS ne ga shi ya kai hamsin yana noma gonarsa, sai ya sauko. Hanif AS ne, yanzu yana rarrafe.

Kada ku ƙara jinkiri, shekara 36 ba 38 ba ce. Sannan ku biya kuɗin ƙirga kuromosom a haɗa da na sikila, tunda gutsura ɗaya ce. Ni ban ga dalilin da za a dasa wa mace abin da zai zube ba.

Ma'aikaciyar ɗakin 'yan tayi ta sake amsawa:

Maman Hanif, Allah Ya raya Hanif, Ya sa wanda ya rigaya mai ceto ne. Maganar jinkiri ina tare da ke, ta ƙirga kuromosom kuwa ina da ɗan gyara.

Namiji yana ƙera sabon maniyyi kullum, ita kuwa mace da ƙwanta aka haife ta. Tana mako na 20 a cikin mahaifiyarta tana da miliyan shida zuwa bakwai, ranar haihuwa saura miliyan ɗaya zuwa biyu, da balaga saura dubu 300 zuwa 400. Kowane ƙwai tun a wancan lokaci ya fara rabon da zai rage kuromosom 46 zuwa 23, sai ya tsaya a tsakiya, ba zai ƙarasa ba sai watan da zai fito. Abin da ke riƙe kuromosom a jere duk tsawon wannan jira wasu zobban furotin ne da ake kira kohesin, kuma binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna cewa tun a ciki ake saka su, ba a sabuntawa. Damin da aka ɗaure shekara 38 da ta wuce, ba mamaki idan igiyarsa ta saki ranar da aka zo ɗauka. A 2015 Melina Schuh, tana Kambirij a lokacin, ta ɗauki hoton bidiyo na ƙwan mutum yana wannan rabo, ta nuna cewa zarurrukan da ke jan kuromosom suna ɗaukar wajen awa 16 kafin su tsaya, suna tangal-tangal, suna kama inda bai kamata ba. Wani bincike na 2014 a kan 'yan tayi fiye da 15,000 ya sami marasa daidaiton kuromosom kimanin ɗaya cikin uku a shekara 35, fiye da rabi a 40, kusan tara cikin goma a 44. Wannan ba laifin mace ba ne, ba kuma abin da ta ci ko ta ƙi ci ba ne.

Ga inda muka rabu. Harafin sikila daga ƙwai da maniyyi ya zo, don haka iri ɗaya ne a kowane sel, bango da dunƙule duk magana ɗaya suke yi. Adadin kuromosom kuwa yana iya rikicewa bayan haɗi, wani sel ya yi daidai wani ya yi kuskure, sai ya zama biyar ɗin da na ɗiba ba lallai su wakilci sauran ba. A 2015 Ermanno Greco a birnin Roma ya dasa irin waɗannan masu gauraye guda 18, aka haifi lafiyayyun yara shida, waɗanda a da zubar da su za a yi. A 2021 kuma wani gwaji a ƙasar Sin a kan mata 1,212 'yan shekara 20 zuwa 37 ya sami haihuwa kashi 77 cikin 100 ga waɗanda aka ƙirga wa, kashi 82 ga waɗanda ba a ƙirga wa ba. Ƙirgar tana iya rage ɓari da dashen banza, musamman ga mai shekaru, amma ba ta ƙara ɗan tayi ko ɗaya, kuma tana iya ragewa. Idan za ku yi, Baban Ummi, ku nemi a gaya muku tun farko yadda suke yi da wanda ya fito mai gauraye, kada a zubar da shi ba da saninku ba.

Baban Ummi ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri, na karanta wa uwargida duka, har sau biyu. Game da halasci na riga na tambayi malaminmu, ya karanto mini matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Amman a 1986, cewa dashen ya halatta idan buƙata ta kama, muddin ƙwai da maniyyi na ma'auratan ne kuma a mahaifar matar za a mayar. Saura tambaya ɗaya, wadda ita ce ta hana uwargida barci jiya: an ce ƙanin da aka zaɓo ta wannan hanya yana iya ba Ummi ɓargo ta warke. Da gaske ne?

Malamin Bayoloji ya sake amsawa:

Da gaske ne, Malam, amma sai an sake zama a kan lissafin Maman Hanif. Kafin ɓargo ya karɓu sai alamomin garkuwar jiki da ake kira HLA sun dace, kuma suna kan kuromosom na 6, ana gadonsu a dunƙule, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kowane ɗan tayi yana da damar ɗaya cikin huɗu ya dace da Ummi. Idan ka haɗa da uku cikin huɗun da ba SS ba, ya zama uku cikin 16, domin mai AS ma yana iya ba da ɓargo. Idan ka sake cire waɗanda kuromosom ɗinsu bai daidaita ba a shekara 36, za ka tsaya a wajen ɗaya cikin takwas. Ka tuna ƙwai 13 na Maman Hanif uku ne suka kai kwana biyar, sai ka ƙiyasta sau nawa za a maimaita allurai.

An fara yin haka a Amurka, inda aka haifi Adam Nash a 2000 bayan ɗakin gwajin Yury Verlinsky na Shikago ya zaɓo shi, aka yi wa yayarsa mai wani ciwon jini na gado dashe da jinin cibiyarsa. Su ma sai da suka maimaita sau da dama. A sikila, dashe daga ɗan'uwa shaƙiƙi da ya dace yana warkar da kusan tara cikin goma na yara, kuma a Najeriya an fara yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 ƙarƙashin Nosakhare Bazuaye. Sai dai kafin dashen ana ba yaro magunguna masu ƙarfi da ke share tsohon ɓargo, waɗanda suke iya taɓa haihuwarsa nan gaba, kuma jinin cibiya kaɗai sau da yawa ba ya isar yarinya mai girman da Ummi za ta kai a lokacin, sai an jira ƙanin ya ɗan tasa a haɗa da ɓargonsa. Wannan magana ce ta likitan jini da ke ganin Ummi, shi ya san ko ciwonta ya kai matsayin da za a ɗauki wannan kasada.

Akwai yiwuwar takardar sakamako ta zo da ɗan tayi lafiyayye, mai cikakken kuromosom, amma bai dace da Ummi ba. Ku yanke abin da za ku yi da shi tun kafin allurar farko. Shirya alamomin gado na gidanku kan ɗauki makonni, don haka jininku ku ukun ana iya ɗibarsa tun yanzu, kuna kan shawara.